Baba Tsoho da Awarwaron Iya

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma. Ranar Asabar, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kakana, wanda mu jikoki muke kira Baba Tsoho, mutanen layinmu kuma suke kira Mai Gyara. Ya rasu a asibiti bayan jinyar sati uku. Ni ban iya magana a gaban mutane ba. Ko gaisuwar masu zuwa ta'aziyya a bayan ƙofa nake amsawa. Shi ya sa na ɗauki biro, Baba Tsoho, don in faɗa maka abin da bakina ya kasa.

Shekara arba'in da wani abu kana zaune a rumfarka ta bakin layi, kana gyaran kwaɗo da risho da fitila da tukwanen da suka huje. Duk matar da hannun tukunyarta ya cire, wurinka take aikowa. Ba ka taɓa mayar wa mutum kayansa ba tare da ka haɗa masa da karatu ba. A wurinka na ji cewa kwanon rufi baƙin ƙarfe ne aka shafe da tutiya don kada tsatsa ta ci shi. A wurinka na ji cewa jan ƙarfe ake sa wa a cikin wayar lantarki saboda wuta ba ta shan wahalar wucewa ta cikinsa. Kai ka koya wa Mama ta riƙa tsoma murfin kwalba a ruwan zafi idan ya ƙi buɗuwa, ka ce ƙarfe yana saki idan ya ji ɗumi. Kuma ba ka taɓa yarda ka liƙe tukunyar girki da dalma ba, ko mai ita zai yi fushi. Ka ce dalma guba ce, wurinta batirin mota, ba cikin yara ba.

Mu ma 'yan gida duk ka raba mana ƙarafa. Kawu shi ne kwanon rufi, ɗigon ruwa kaɗan sai ya cika gida da ƙara. Yayana baƙin ƙarfe ne, in aka bar shi kwana biyu babu aiki sai ya yi tsatsa. Gwaggo jan ƙarfe ce, labari ba ya daɗewa a jikinta sai ya isa gida na gaba. Ni kuma ka sa mini Dalma, wai ga nauyin baki, ga saurin narkewa da an kalle ni. Na yi kuka ranar, sai ka ce, “Kun gani? Ta fara narkewa.” Har yau sunan bai bar ni ba.

Ba wanda zai tuna ka bai tuna mayen ƙarfenka ba, wancan baƙin dunƙulen da ka ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo ka ɗaura masa igiya. Da shi ka ciro makullan wani direba daga cikin kwata. Da shi kake tsince wa tela alluransa a ƙasa. Shi ne kuma ya so ya ja maka abin kunya ranar da ka tashi daga teburin mai shayi da cokula biyu manne a aljihun rigarka, kana tafiya suna lilo. Mai shayi ya biyo ka yana kira. Ba ka ba shi haƙuri ba. Sai da ka tsayar da shi a rana ka bayyana masa cewa cokulansa na banza ne, yawancin masu kyau ba sa bin maye haka. Ko a asibiti ba ka daina ba. Ka gwada gado, ka gwada sandar da ake rataya ruwa, ka nemi ka gwada abin da likita yake sauraron ƙirji da shi. Malamar jinya ta ƙwace mayen ta ba Mama, ta ce a tafi da shi gida kafin ka gwada ta ita ma.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na yi wannan rubutu.

Kowa a danginmu ya san awarwaron zinaren da ke hannun Iya, matarka, kakarmu. Kai ka saya mata tun kuna matasa. Duk ranar Laraba da safe sai ka ce, “Kawo a duba lafiyarsa.” Ta zare ta ba ka, ka tafi da shi rumfa, ka dawo da shi yana walƙiya. In wata baƙuwa ta yi masa kallon shakka, sai ka ciro maye ka kanga masa, ka ce, “Zinare ba ya bin maye. Kun ga wannan ya bi?” Kowa ya gyaɗa kai.

Bara, wata Laraba, Mama ta aike ni in kai maka ruwan zafi. Na same ka a bayan rumfa, ka juya wa titi baya, kana goge awarwaron da ɓarin lemon tsami da gishiri. Da bakinka ka taɓa gaya mini cewa zinare ba ya dusashewa ko zai shekara ɗari a ƙasa, tagulla ce take yin duhu har ta yi kore. Kuma da bakinka ka ce tagulla ma ba ta bin maye. Na kalli lemon, na kalle ka.

Ka zaunar da ni a kan benci ka gaya mini komai. Lokacin ba ka san ƙarfe ba, ɗinki kake koyo. Wani mutum a tasha ya rantse maka cewa zinare ne, ka saya da murna. Kafin ka gane an cuce ka, Iya ta riga ta nuna wa 'yan uwanta kaf. Haushin abin ne ya sa ka ajiye allura ka koma koyon ƙarafa, don kada a ƙara yi maka haka. Ka ce, “Dalma, na gode Allah da ke ce kika gani ba Gwaggonki ba. Kada Iyarku ta sani. Zuciyarta za ta karye.” Na yi alkawari. Riƙe shi bai yi mini wuya ba, tunda dama ba magana nake yi ba.

Da ka kwanta asibiti, Laraba uku suka wuce ba a duba lafiyarsa ba. Ranar da ka rasu Iya ta zare shi ta sa a gwangwanin zarenta. Ranar Talata Gwaggo tana neman allura ta gan shi ya yi duhu, ta ce jibi za ta kai wa maƙerin zinare ya wanke. Baba Tsoho, maƙerin zinare ko hannu ba sai ya sa ba zai gane. In kuma Gwaggo ta ji, kafin azahar layi uku sun ji.

Ban taɓa ɗaukar abin wani ba a rayuwata. Amma Laraba da safe, da Iya ta fita alwala, na buɗe gwangwanin na ɗauka. Na shige kicin na tura ƙofa, na yanka lemo, na zuba gishiri. Awarwaron ya suɓuce mini ya faɗa cikin bokiti, ya yi ƙarar da ban san ƙaramin abu zai iya yi ba. Ina cirowa na ga ƙafafun Iya a bakin ƙofa.

Ta kalle ni. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Sai ta ce, “Gishirin ya yi yawa, za ki kankare shi. Shi ɗan kaɗan yake sawa, sannan ya bi da tsumma mai laushi.”

Na ce, “Iya, kin sani?”

Ta ce, “Ke, tun sati na biyu wuyan hannuna ya yi kore kamar ganye. Kuma wane irin zinare ne yake dawowa duk Laraba yana ƙanshin lemon tsami? Ya ɗauka hancina ado ne?”

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta ce, “In faɗa ya daina? Mutumin da ko kofin da ya sha ruwa bai taɓa ɗaurayewa ba, ga shi duk sati yana wanke mini abu da hannunsa, ya kawo ya sa mini da kansa. Da zinaren gaske ne, da ya saya ya manta.” Ta yi dariya, ni ma na yi, daga nan kuma ban san wadda ta fara kuka ba a cikinmu.

Ka yafe mini, Baba Tsoho, ban karya alkawari ba. Iya ce ta ce in rubuta, wai gara dangi su ji daga birona da su ji daga bakin Gwaggo, ko ba komai ni ba zan ƙara gishiri ba. Ta kuma hana a kai shi ko'ina. Ta ce Laraba ta zama tawa. Na riga na yi guda ɗaya. Bai yi walƙiya kamar naka ba, amma ta ce da sauƙi.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya saka maka da alheri a kan kowace tukunya da ka toshe da kowace ƙofa da ka buɗe wa wanda makullinsa ya ɓata. Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya da Mama da Kawu da Gwaggo da dukan jikoki, da maƙwabta, har da mai shayi, wanda shi ma ya zo gaisuwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Malamarmu ta ce mutanen Aljanna ana sa musu awarwaro na zinare. Allah Ya sa kana cikinsu. In an ba ka, Baba Tsoho, ka karɓa kawai ka yi godiya, kada ka ce sai ka gwada. Kuma ka ajiye wa Iya guda ɗaya. Amin.

Jikarka,
Dalma