Hannun Baba a Takardar Malamin Zane

Babanmu ya rasu bai bar hoto ko ɗaya ba. Da ransa, in ka ɗaga waya sai ya juya maka ƙeya. Bayan 'yan shekaru na lura fuskarsa ta fara ɓace mini, in na rufe ido hula da gemu kawai nake gani. Abin ya tsorata ni ƙwarai.

Sai na tuna da wani malamin zane, Kirista, wanda ya yi haya kusa da rumfar hatsin Baba a Dutsin-Ma. An taɓa ba shi aikin zane a bangon cocinsu, na mai raba wa jama'a gurasa. Mutumin nan akwai naci. Ba ya taɓa fenti sai ya zana komai daban-daban da fensir: hannu a wannan takarda, ƙafa a waccan, naɗin riga a wata. Ya ce haka Turawan dauri suke yi. Mu kuwa muna ta tsokanarsa, wai ya yanka mutum gunduwa-gunduwa kamar mahauci.

Hannun mai rabon ne ya gagare shi, har ya ga Baba yana miƙa wa wata tsohuwa gero. Ya roƙa a bar shi ya zana, Baba ya ce, "Malam, hannu dai ga shi. Fuska kuwa ban yarda ba."

Na taso daga garinmu Kurfi na neme shi a Dutsin-Ma. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma takardunsa na nan cikin akwati. Muka yi ta tonowa har muka kai ga takardar hannun Baba. Hannun dama ne, a buɗe, da ɗan yatsan nan da ƙofar mota ta lanƙwasa. Na ce, "Malam, don Allah ko a ɓoye ba ka zana fuskar ba?"

Ya ce, "Alhaji ya hana, ni kuma na yi masa alkawari."

Wallahi na ji haushi, amma na ƙara ganin girmansa. Ya naɗe takardar ya ba ni. Har gobe ina gode masa.

Na kai wa Inna a Kurfi ban gaya mata hannun wane ne ba. Ta daɗe tana dubawa, ta kai ta kusa da ido, sannan ta ce, "Ka ga farcen nan da ya yi tsawo? Ni nake yanke masa duk Juma'a. A makon da aka yi zanen nan mun yi faɗa ne."

Ba ta maido mini da takardar ba.