Danfo Biyu Na Shaidu

Shekarun baya, farkon dawowar mulkin farar hula, yayana yana kurkuku a Legas. Direban tirela ne a Ijora. An kama motarsa da kayan fasa-ƙwauri waɗanda ko buɗe su bai yi ba, wata kotu ta zamanin soja ta ɗaure shi shekara goma sha huɗu. Matarsa da 'ya'yansa suna wuyana a Agege, ni kuwa ɗan goro nake sayarwa.

Limaminmu ya haɗa ni da wata lauya 'yar Filato, wadda ba ta da aiki sai ɗaukaka ƙara a kotunan tarayya. Da na gan ta, 'yar firit da ita, ban ga alamar za ta iya ba. Na ce a raina, wannan ai ko ɗan okada ba za ta iya yi wa tsawa ba.

Ranar zama, ni sarkin iyawa, na cika danfo biyu, ƙananan bas-bas ɗin haya na Legas, da shaidu: dattawan unguwa, direbobi, har da ladan, kowa ya sha babbar riga. Ta dube mu ta yi murmushi, ta ce a nan ba a jin shaida, alƙalai za su duba ne kawai ko an yi shari'ar farko bisa ƙa'ida. Kunya kamar in nutse, ga shi na hana bayin Allah kasuwa.

Da ta miƙe a gaban alƙalai, ko tsawon huɗubar Juma'a ba ta yi ba ta zauna. A ɗan Turancin da nake tsinta, ban ji ta ce yayana mutumin kirki ne ba. Raina ya ɓaci, muna fitowa na tare ta na zazzage mata abin da ke cikina.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Malam, da na je wurin yayanka na tambaye shi da Hausa me aka ce ya yi. Ya ce wallahi bai sani ba, ya dai ga ana ta Turanci, sai aka tasa ƙeyarsa. Ba a ba shi tafinta ba. Abin da na gaya wa alƙalai ke nan."

Duk mun ɗauka ya sani, shi kuma ashe kunya ta hana shi faɗa mana bai gane ba.

Bayan 'yan watanni aka soke hukuncin, aka sake shi. Da muka je godiya, ta ajiye aikinta ta zaunar da shi, ta fassara masa sabon hukuncin da Hausa tun daga farko har ƙarshe.

Na ji yanzu har kotun ƙoli take zuwa, kuma ban yi mamaki ba. Har yau ina ganin girman matar nan, don a wurinta na koyi cewa ba ɗaga murya ke fitar da mutum ba. Abin da ba na mantawa shi ne yayana, ƙaton mutum, yana share hawaye da hularsa yana cewa, "Baiwar Allah, sai yau na ji shari'ata."