Motar da Baba Ya Ce a Ba Bitrus

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Lawali bakanike, na Gusau. Duk shekara in wannan wata ya kama, yayyena kan sa hotonsa a waya su rubuta addu'a a ƙasa, ni ma in rubuta amin kamar kowa. Bana ba zan tsaya a amin ba. Ni ba gwanar rubutu ba ce, a sakandare na tsaya, kuma ba ni da haƙurin kewaye-kewaye, don haka bari in faɗa tun daga farko. Baba ya bar wasiyya a wurina, ni kaɗai, na kuwa haɗiye ta. A kan mota ce.

Motar ta girme ni, ta girmi babban yayanmu. Irin ta da ce, mai dogon hanci da fitilu zagayayyu, giyarta a jikin sitiyari take. A Karakkai ta ƙasar Bungudu Baba ya tsince ta, a bayan gidan wani tsohon ɗan kasuwar hatsi da ya daɗe da rasuwa. Kaji ne ke ƙwai a kujerar baya. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, sai da aka ɗaura mata shanun huɗa suka jawo ta bakin titi. Ranar da aka sauke ta a ƙofar gidanmu, Inna ta leƙo ta ce, "Malam, 'yan gwangwan ka koma?" Ya ce ta jira ta gani. Ta jira shekara goma sha ɗaya.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Yana da aboki, Baba Bitrus, mutumin Filato, Kirista, wanda ya zo Gusau tun yana saurayi ya zauna yana bugun jikin mota da fenti, har Hausarsa ta koma irin tamu. Baba na inji, shi na jiki. Juma'a ta Baba ce, Lahadi ta Baba Bitrus, saboda haka Asabar ta zama ta mota. Tun hantsi za ka ji su a rumfar ƙofar gida, ɗaya a ƙarƙashin mota ɗaya a sama, suna gardama a kan ƙusa guda kamar a kanta za a yi hisabi. In suka ji labarin wata irinta ta mutu a wani gari, sai su hau motar haya su je su ciro abin da ya rage. Sun taɓa zuwa har Tsafe a kan murfin fitila ɗaya tak. Abin da suka rasa kuwa su ƙera. Mariƙin giyarta Baba ne ya sassaƙa shi daga tabaryar Inna da ta karye, ya goge shi da man gyaɗa har yana ƙyalli.

Ni kuwa na tsani motar nan. Ba zan yi wa maganar kwalliya ba.

Ina aji uku na sakandare ta fara tashi, Baba ya ce shi zai riƙa kai ni makaranta. Ranar farko ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Muna isa ƙofar makaranta, a daidai lokacin da ɗalibai suka fi yawa, ta yi tari sau biyu ta mutu. Maigadi da mai sayar da rake ne suka tura ta. Kafin a fita hutun ƙarfe tara sunana ya koma ɗiyar mai akwala, kuma da sunan na gama makarantar. Da ya zo ɗaukata na shiga na rufe ƙofa da ƙarfi na ce, "Baba, don Allah kar ka ƙara kawo wannan abar ƙofar makarantarmu. Kunya kake ba ni."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mani, don haka bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa ɗaga mani murya ba. Uwata yake ce mani. Hannunsa a kan tabaryar nan, ya ce, "To, uwata." Daga ranar, can nesa yake ajiye ta, gindin wata bishiyar dogon yaro bayan kwana, inda ba a hango ta daga makaranta. Ya tako da ƙafa ya tsaya a rana yana jirana. Shekara uku yana haka. Ko sau ɗaya ban ce masa ya dawo da ita kusa ba.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ni ce mai jinya da rana, saboda Inna na fama da ƙafa. Wata la'asar a asibiti, ina ɓare masa lemo, ya riƙo hannuna ya ce, "Uwata, in ta Allah ta kasance, motar ga ta Bitrus ce. Rabinta dama guminai ne. Kira mani kawunki Malam Isa shi ma ya jiya." Malam Isa ƙanensa ne, shi ne malamin gidanmu. Na ce, "Kai Baba, kai da motar nan. Ka sha lemo, gobe na kira shi." Ban kira ba. Ba mantawa na yi ba, ƙyuya ce, da kuma gajiya da zancen mota. Kwana biyu bayan haka Baba ya cika.

Da aka zauna rabon gado a zauren gidanmu, kafin a taɓa gida ko gonarmu ta Kekun Waje, Kawu Malam Isa ya tambaya ko akwai wanda mamaci ya bar wa wasiyya. Ya maimaita. A na ukun ya juyo ya dube ni, tunda ni ce na yi jinya. Na ce, "Bai ce komi ba."

Na sha tambayar kaina dalili, kuma na gaji da yi wa kaina ƙarya. Kar wani ya ce don addinin Baba Bitrus ne, a hannun mutumin nan na girma, matarsa ce ta yi mani kitson sallah ba sau ɗaya ba. Ba kuma kwaɗayin rabona ba ne. Dalilin ya fi wannan ƙanƙanta, shi ya sa ya fi ban kunya. Garejin Baba Bitrus a kan hanyar kasuwa yake. In aka ba shi, motar za ta zauna a nan, kullum in wuce ta, kullum a nuna a ce ga akwalar babanku can. So nake ta bar garin. Shekarata goma sha tara, kuma abin da ya fi damuna a duniya ke nan.

Ta kuwa bar garin. Wani Alhaji mai tara tsofaffin motoci ya ji labari ya saye ta, ya turo yaransa da babbar mota. Baba Bitrus ne ya wanke ta da safen nan, ba wanda ya sa shi. Da suka kawo sarƙa za su ja ta, ya hana. Ya ce ba gawa ba ce, da ƙafarta za ta hau. Ya shiga, ya taka totur sau biyu, ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya, ya hau da ita kan katako a hankali. Ya tsaya yana yi wa direban bayani, kar a cika mata ruwa tana da zafi, kar a matsa wa giya ta biyu. Direban ko sauraro bai yi ba. Ina leƙe ta tagar zaure. Abin da na ji a raina a lokacin, Allah na gani, sauƙi ne.

To, ga yau. Da Baba zai ɗago ya ga zamanin nan, ban san ko dariya zai yi ko kuka ba. Hanyar Tsafe da yake bi a kan murfin fitila, yanzu sai da addu'a ake binta. Garejin da ya bari, matasan da ke ciki na'ura suke jona wa mota ta faɗa masu ciwonta, shi da yake kara kunne a inji ya ce fulogi na uku ne. Amma abin da zai fi ba shi mamaki, tsofaffin motoci sun zama abin yayi. Masu hali na neman su ido rufe, a gyara a kai wurin biki, amare na ɗaukar hoto a jikinsu. Irin 'yan matan da suka sa mani suna a makaranta, su ne ke rububin tsayawa kusa da akwala.

Watanni uku da suka wuce muna zaune a gidan suna, wata ƙawata ta miƙo mani waya in ga bidiyon wani biki da aka yi a babban birni. Mota ce tsohuwa, an sake mata fenti, an yi mata ado da furanni. Mai ɗaukar hoton ya leƙa ciki don ya nuno amarya, sai ga tabaryar Inna a jikin sitiyari. Na yi ihu. Na miƙe tsaye ina zagaya ɗaki da wayar mutane ina cewa, "Motar babana ce! Wallahi babana ne ya gyara ta da hannunsa!" Ni ɗin nan. Bakina har kunne. Sai wata baiwar Allah da ban ma sani ba ta ce, "Ikon Allah. To mi ya sa kunka sai da ta?"

Ban ci abincin sunan ba.

Na fara zuwa wurin malamarmu ta Islamiyya na yi tambayar kamar a kan wata ce. Ta ce wasiyya ga wanda ba magaji ba tana nan daram, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, muddin ba ta wuce sulusin dukiya ba, kuma wanda ya ji ya ɓoye, nauyin na wuyansa. Motar ba ta kai sulusi ba, ko kusa. Wato ba ni da wata kafar fita. Shekara bakwai mu duka gidan muna cikin haƙƙin mutum, ni kaɗai na sani.

Baba Bitrus ya bar aiki, idonsa ya yi rauni, yana Tsafe wurin ɗiyarsa da ke koyarwa. Na shiga mota na je. Na same shi a kan kujerar roba a tsakar gida. Da jin sallamata ya ce, "A'a! Uwar Lawali da kanta? Yau mun yi babbar baƙuwa. Ina maigidan naki, har yanzu tsoronki shikai?" Ya sa aka kawo mani ruwa. Na kasa sha. Na durƙusa, kuma da yake ban iya jan zance ba, na zube masa ita gaba ɗaya. Na ce, "Baba, motar nan taka ce. Baba ya ce a ba ka. Ni ya faɗa wa, na ce bai ce komi ba."

Na zaci zai yi salati irin nasu, ko ya tashi ya shige ɗaki. Ko motsi bai yi ba.

"Na sani," ya ce.

Na ɗago.

"Na je gaishe shi da sahe, kwana ɗaya kahin ya cika, kin tahi karɓo magani. Yac ce mani, Bitrus, na bar saƙonka wurin uwata. Ranar da kunka zauna rabo ina waje bisa benci. Har anka watse ina jira a kira ni."

Na ce, "To don me ba ka yi magana ba? Shekara bakwai, Baba! Ka zo bikina. Kai ka kawo mani tukwane."

Ya ce, "In yi magana in ce mi? In na buɗe baki, dole a zauren nan a samu maƙaryaci guda, ko ni ko ke. In an ce ni ne, na ɓata abotar shekara talatin. In an ce ke ce, uwar Lawali ta ji kunya gaban mutane. Shi ko bai yarda da wannan ba yana da rai, balle ni in yi mashi bayan ransa."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, ai ya ji an ce na ga motar a waya, in nuna masa. Na kunna na miƙa masa. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya girgiza kai, ba ya gani. Ya ce in mayar farko in ƙara sauti. Ya kara wayar a kunne. Ana kiɗa, mata na guɗa, can ƙasa-ƙasa ana jin motar na tafiya. Ya sa na maimaita sau huɗu. Sai na ga yana murmushi.

"Ba su canza mata inji ba," ya ce. "Namu ne. Amma suna matsa wa giya ta biyu, na ko hwaɗa masu."

Na dawo Gusau na faɗa wa Kawu Malam Isa a gaban yayyena. Kawu ya ce haƙƙi ne, sai an mayar wa mai shi. Babban yayanmu tun ranar bai amsa gaisuwata ba, ban kuma ga laifinsa ba. Inna cewa ta yi kawai, "Ashe." An nemi Alhajin ta waya, ya ce motar ba ta sayarwa ba ce ko nawa za a ba shi. Abin da aka haɗa aka kai wa Baba Bitrus a madadinta ya karɓa ne don Kawu ya ce in bai karɓa ba nauyin na nan a kanmu. Amma kowa ya san ba shi Baba ya ce a ba shi ba. Mota ya ce. Ita kuwa ba zan iya dawo da ita ba.

Na rubuta wannan a jarida ne saboda a gaban mutane na ce bai ce komi ba, don haka a gaban mutane zan ce ya ce. Malam Lawali bai manta da abokinsa ba. Duk wanda ya taɓa raya wa ransa cewa ya mutu bai tuna da gumin Bitrus ba, ya sauke wannan daga kan Baba ya ɗora a kaina.

Me ya rage na Baba? Gida an raba, gareji na hannun wasu, motar na can tana ɗaukar amaren da ba su san sunansa ba. Abin da na ga ya rage, a Tsafe na gan shi, zaune a kujerar roba. Baba ya yi shekara uku yana ajiye abin da ya fi so a bayan kwana, ya tako a rana, don kar in ji kunya. Ya rasu, abokinsa ya karɓa ya yi shekara bakwai yana yin haka. Ban roƙi ko ɗayansu ba, ban kuma cancanta ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Jiya na bi ta bayan makarantarmu da gangan. Dogon yaron na nan. Na taka daga gindinsa zuwa ƙofar makaranta, da tsakar rana, don in san nisan. Da nisa.