Shirun da Muka Bar wa Yaya

Tun ina yarinya yayata ce ke ba da waƙa a ƙungiyar matan unguwarmu. Duk Maulidi a Zango ita ce a gaba, mu muna baya muna amshi. Ni muryata ta talla ce, ta kiran masu sayen atamfa a rumfata ta kasuwar Kejetia, amma ina cikin 'yan amshi tunda ba wadda ta isa ta kore ni.

Shekarar da hawan jini ya buge Yaya, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ma ta tafi. Tana ji, tana ganewa, amma in ta buɗe baki sai kalmar ta maƙale. Matar da ake jin sallamarta tun daga bakin layi ta koma nuna kofi da yatsa. Na ɗauko ta ta dawo ɗakina, kuma wallahi na sha kuka a bayan gida inda ba za ta gan ni ba.

A lokacin ne wani matashin malami na makarantarmu ya kawo sabon bege da ya tsara. A unguwar Buokrom ya tashi, gidansu bango ɗaya da coci, kunnensa ya saba da yadda 'yan cocin ke raba murya, wasu sama wasu ƙasa, a tafi tare. Shi ne ya tsara begen Manzon Allah haka, murya kashi uku. Ya ɗauka a waya da ɗalibansa, ya turo mana mu saurara. Da farko na ce wannan wace irin waƙa ce, kowa ya kama gabansa kamar an sauke fasinja daga motar haya ta trotro? Amma na ci gaba da kunnawa, a rumfa da gida, har ta shiga jikina. Kusa da ƙarshe akwai inda duka muryoyin ke ɗaukewa, a yi tsit, sai murya ɗaya ta fito ita kaɗai ta ce, "Ya Ma'aikin Allah, ga ni a ƙofarka da ɗan abin da ya rage mini." Daga nan kowa ya shigo.

Wata safiya ina dama koko, wayar tana kan tabarma kusa da Yaya. Aka zo wurin shirun nan, sai na ji murya biyu maimakon ɗaya. Na waiga. Yaya ce ke rera baitin, kalma bayan kalma, ba wadda ta ɓace. Ludayin ya faɗa cikin koko. Na ce, "Yaya, kira sunana." Ta kasa. Na mayar da waƙar baya, ta sake rerawa. Daga baya wata nas ta ce mini ana samun haka, mutum ya kasa magana amma waƙa ta fito.

Ranar ko rumfa ban buɗe ba, na wuce makaranta. Na ce, "Malam, baitin nan na Yaya ne."

Ya sosa ƙeya. "Mma, in ta kasa a gaban jama'a fa?"

"In ta kasa, ni na kasa. Ka dai ba ta."

Ya ba ta. Ashe matsalar ba daga Yaya za ta fito ba, daga mu ne. Mu a ƙungiyarmu akwai abin da muka gada: in mai ba da waƙa ta sarƙe, ko ta manta baiti, 'yan amshi kan shigo da sauri su rufe wurin, kada 'yan kallo su gane. Yaya kuwa yanzu sai ta daɗe tana tattaro numfashi kafin baitin ya fito. To, duk lokacin da muka zo shirun nan a wurin gwaji, kafin ta buɗe baki mata sun riga sun shigo, Magajiya shugabar ƙungiya a kan gaba. Sai Yaya ta rufe bakinta ta zuba wa cinyarta ido.

Na yi haƙuri har na gaji. Na ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, me ya sa kuke ƙwace mata baiti?"

Magajiya ta dafe ƙirji. "Ke! Asiri muke rufa mata. Ita kanta haka ta yi wa tsofaffin da suka gabace ta."

Gaskiya ta faɗa, na sani. Na ce, "Ba rufin asiri take nema ba, Hajiya, a jira ta kawai take so."

Suka ce yoo, sun ji. Aka sake, bakinsu ya sake shigowa da kansa. Ba mugunta ba ce, sun saba ne tun ƙuruciya. Gwajin da ya biyo baya Yaya ta ƙi zuwa. Na kawo mata mayafi ta juya fuska bango. Raina ya ɓaci. Na ce mata, "Ki juya duk inda kika ga dama, baitin nan ke za ki yi shi, ko da goya ki zan yi in kai ki."

Na tafi gwaji ni kaɗai da dabarar da na yanke a hanya. In an zo shirun, kowace mace ta kama hannun ta kusa da ita, kuma ba mai buɗe baki sai ta ji an sake ta. Ni ce a ƙarshen layi, daga wurina sakin zai fara. Magajiya kuwa na ce ta tsaya a gefena, don na san inda ɓarakar take. Suka yi ta dariya, wai na mayar da su 'yan makarantar boko. Na ce su yi ta yi, su dai riƙe hannu.

Ranar Maulidi aka kafa rumfuna a kan titi bayan la'asar, kujerun roba har bakin kwata. Muka fito da ankon farin leshi. Aka zaunar da Yaya a gaba, Malam ya riƙe mata abin magana. Waƙa ta tafi daidai, masu sama na sama, mu masu ƙasa muna ƙasa. Sai aka zo wurin. Muka ɗauke murya, na damƙi wuyan hannun Magajiya.

Shiru ya yi tsawo. Ina jin hon ɗin tasi daga babban titi, ina jin wata tsohuwa a cikin jama'a tana cewa "Allah sarki." Leɓen Yaya na motsi, ba abin da ke fita. Magajiya ta ja numfashi za ta shigo, na matse hannunta har awarwaronta ya shige mini tafin hannu. Ni kaina baitin yana maƙogwarona yana neman fita, tausayi kamar ya kashe ni. Na cije haƙora na ce a raina ko magariba za ta same mu a nan, za mu jira.

Sai ga ta. Muryar ta dushe, ta gefe ɗaya na baki take fita, amma kowace kalma ta fito har ƙarshen baitin. Titin nan ya ɗauki salati.

Ni kuwa kuka nake yi, na manta sam cewa ni ce zan saki hannu. Mata na tsaye a jere, baki a rufe, suna jirana. Yaya ta juyo da kai a hankali, ta watso mini hararar nan da na sani tun ina ƙarama, ta ɗaga hannunta na hagu ta kaɗa mana shi yadda ta saba kiran amshi. Na saki Magajiya, muka shigo.