Mangwaron Delu a Cikin Randa

A bayan kasuwar Gidan Rumji akwai gidaje goma sha biyu da wata ƙungiya ta gina wa waɗanda gulbi ya cinye wa muhalli. Aro aka ba su, ba kyauta ba. Na ƙarshe a layin shi ne na Delu mai ƙuliƙuli, wadda ta shiga da tabarma da tukwane biyu, yau shekara tara.

Mu nan, wanda aka ara wa ƙasa ba ya dasa itace a cikinta. Gero dai ka shuka, ka girbe, ka tashi. Itace kuwa sai mai wuri. Delu ta san haka tun tana gaban uwarta. Shi ya sa da ta samu ɗan mangwaro, sai ta sa shi a tsohuwar randa, ta ajiye a gindin katanga. Da azahar takan zauna kusa da shi ta lumshe ido, wai tana jin sanyin inuwar da bai yi ba tukuna, da hayaniyar jikoki suna rigima a kan 'ya'yansa.

Maƙwabta ba su tsaya wannan kunyar ba, kowa ya dasa dogon yaro.

Bara aka ce za a mallaka gidajen ga waɗanda suka zauna da gaske. Aka aiko wani ma'aikaci, Tahiru, daga buro, wato ofishin hukuma, da takarda, aka ce ya duba wa ya dasa itace. Gida goma sha ɗaya ya rubuta. Ya iso na Delu, ya tarar da tsakar gida fes, babu ko tsiro a ƙasa.

"Inna, ke ba ki da niyyar zama ne?"

"Ina za ni, ɗan nan? Makka?"

"To mi ya hana ki dashe?"

"Ƙasar ubanka ce, ko ta ubana?"

Tahiru ya yi dariya, amma bai rubuta ba. Ya kama randar zai gusar da ita ya samu wurin zama, ta ƙi motsi. Ya durƙusa ya leƙa. Ashe saiwa ta fasa gindin randar ta shige ƙasa, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

"Inna, wannan ai dasasshe ne."

"Ni ban dasa ba," in ji Delu. "Shi ya sauka da kansa. Kada ka rubuta mini rashin kunya."

Ya daɗe a durƙushe. Ban ga abin da ya rubuta ba. Amma bayan kaka, da aka tara mu a ƙofar mai gari, na ƙirga sunayen da aka kira, goma sha biyu ne.