Lambar Injina

Ni dai aji uku na tsaya a sakandare, kuma ba don kaina ya kasa ba. Shekarar da aka ba mu jiha, kowa a Jalingo ya koma neman ofis. Wanda ba shi da takarda irina sai ya nemi abin da zai ci. Na sayi tsohon injin niƙa, na kafa rumfa a gefen filin bappana a Majidaɗi.

Injin yana da lamba a jikin ƙarfensa: 104729. Ban taɓa kula da ita ba sai da bel ɗin da ke juya shi ya tsinke ya fasa wa wata mata goshi, sannan awakin Bappa suka fara mutuwa. Bappa ya kawo mai duba. Mutumin ya tsuguna, ya goge maiƙon da ke kan lambar, ya yi ta cire goma sha biyu, goma sha biyu daga cikinta, yana zane a ƙasa. Biyar ta rage. Ya ce a hisabinsu biyar gidan asara ne.

Bappa ya ce, “Ka ji dai. Ko ka sayar da shi, ko ka kankare lambar, ko ka bar mini filina.”

Na ce, “Bappa, bel ɗin ne ruɓaɓɓe. Awakinka kuma leda suke ci.”

“Ai dama bakinka ne ya hana ka gama makaranta.”

Inji marar lamba kuwa, in ɗan sanda ya gani, na sata ne. Wannan Bappa ya sani.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauki gawayi na hau rubutu a bangon rumfa da shi, ina niƙa ina raba lambar. Biyu ba ta shiga, lambar mara ce. Uku ta bar biyu. Bakwai ma biyu. Sha uku ta kusa, ɗaya ta rage. Malaminmu na lissafi ya taɓa cewa akwai lambobin da ba mai raba su daidai sai ɗaya da su kansu, kuma idan mai rabawa ya kai inda in an ninka shi da kansa zai wuce lambar, to a ajiye alli. Na bi su har na wuce ɗari uku da ashirin. Babu wadda ta raba ta.

Matata ta zo da masara, ta dubi bangon ta ce, “Maigida, niƙa kake ko jarrabawa?”

Na kira Bappa na nuna masa. Na ce da kowace lamba aka raba ta sai ta bar saura, to don me saurar sha biyu kaɗai za ta kashe akuya? Ko kallon bangon bai yi ba. Ya ce in wanke masa bango kafin in tashi.

Ban wanke ba. Na kwance injin, muka ɗora a amalanke, na tura shi har Nukkai, inda ba wanda ya san ni, na sake neman masu niƙa daga farko. Na sha wuya, kuma har yau ba ma gaisawa sosai da gidan Bappa. A sabuwar rumfar na sayi jan fenti na rubuta 104729 a saman ƙofa, manya-manya, yadda mai wucewa a kan babur zai karanta.