Ƙwaryar Jamila

Duk Bazaga an san Shatu mai fura, an kuma san ita ce idon mijinta, Malam Muttaƙa, tun da makanta ta same shi. Tana gaba riƙe da kan sanda, yana baya yana mita. Kowace bazara, kafin ruwan fari, sukan taka da ƙafa zuwa kabarin malaminsa a Tungar Malam, can wajen iyaka, ya yi addu'a su komo.

Bana kuwa Malam ya sha jinya, ƙafa ta kumbura. Ya ce ko da rarrafe sai ya je, don bai san ko zai ga baɗi ba. Hanya biyu ce. Ta bakin kwalta akwai mutane, amma da nisa, ba inuwa, ba ruwa. Ta burtali gajera ce, ta ratsa rugar su Jamila mai kawo mata nono, ga rijiya. Sai dai ana ta raɗe-raɗin mutanen daji, masu babura da bindigogi.

Shatu kuwa tana da ma'auninta: in dai matan ruga sun shigo kasuwa, daji lafiya lau. Ran kasuwa sai ga Jamila. Ba nono ta kawo ba, ƙoren ɗakinta ta baje. Shatu ta ɗauki wata mai zane tana washe baki.

"Ke ɗiyata, wagga ƙwarya kamar kyauta? Lahiya dai ruga?"

"Lahiya, Inna," in ji Jamila, idonta a ƙasa.

Kaico! Mace da ta tsufa cikin nono, ta manta Bafulatana ba ta sayar da ƙwaryar tatsa sai in babu abin tatsa. Araha ta rufe mata ido, ta saye ƙwaryar.

Suka kama burtali da hantsi. Rana ta take sa'ad da suka isa rugar. Bukkoki na nan, ba kowa. Turakun maruƙa a tsaye, igiyoyi a yashe. A bakin rijiya ba guga, sai sawun babura birjik, sababbi. Nan take ƙwaryar ta faɗo mata a rai. Tsoro ya kama ta har sandan ya soma rawa.

"Shatu, mi ya sa ban ji warin kashin shanu ba?"

"Sun tahi kiwo, Malam."

"Har da maruƙa? Hannunki na kyarma."

Kafin ta ƙirƙiro wata ƙarya, sai ƙugin babur daga gabas, wani na bin wani. Ta ja shi cikin wani kwazazzabo, suka kwanta cikin sabara. Ta toshe masa baki da gefen zanenta saboda tari. Tsohon da ba ta taɓa ɗaga wa murya ba! Tana jin muryoyin mutanen daji a bakin rijiya, tana jan Hasbunallahu a zuci, har ƙarar ta dushe.

Da suka miƙe, Malam bai yi faɗa ba. Ya ce, "Juya ni wajen Tunga." Ta kama kafaɗunsa ta juya shi. Nan ya ɗaga hannu ya yi wa malaminsa addu'a cikin raɗa, hawaye na bin gemunsa, sannan suka komo.

Kafin a yi huɗa Malam ya rasu. Shatu na nan tana dama fura. Ƙwaryar na kife a kan rumbu, ba ta taɓa zuba ko ruwa a ciki ba.